A Ƙona Sandar Awon Gulbi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni Ummaru ɗan Muhyiddeen, manomin shinkafa a fadamar Ambursa, ina cikin hankalina, na san ranar yau, na san sunan kowannenku. Hannun dama ne ya mutu da rabin baki, shi ya sa ɗiyata Zakiyya ke rubutawa ina faɗa, a gaban limaminmu Malam Aminullahi.

Na ɗaya. Gona da gida da injin ban ruwa, ku raba yadda shari'a ta ce. Ba ni da abin ƙarawa a nan.

Na biyu. Sandar gorar nan da na kafa a bakin gulbi, wadda na yi wa tsaga da wuƙa a kowane taƙi, ba ta cikin gado. Abdussamadu, kai ne babba, ka tuge ta ka ƙona.

Shekara talatin da ɗaya ina awon ruwa da sanda. Daga farkon damina har gulbi ya ja baya, sau biyar sau shida nake zuwa dubawa a yini. Tuwo na gabana, hankalina na can. In ruwa ya hau tsaga ɗaya sai ƙeyata ta ɗaure, in dawo gida in sauke a kan mahaifiyarku Nana. Har ta koma ga Allah ba ta ga damina guda da na zauna muka yi hira ba. Shekarar babbar ambaliya na riga kowa ganin ruwa na tafe da kwana huɗu. Me sanin ya tsinana mini? Gonata ta nutse rana ɗaya da ta maƙwabcina Abbas, wanda bai taɓa auna komai ba. Ga shi nan yau yana zuwa gaishe ni da hannuwansa biyu.

Na uku. Ku je Argungu wurin baffanku Tamba masunci, ku roƙar mini gafararsa. Ya taɓa tarar da ni cikin ruwa har ƙugu, zazzaɓi na kaɗa ni, ina ƙirga tsaga. Ya fizge sandar ya jefa tsakiyar gulbi. Washegari na sari wata, na kuma daina yi masa magana. Shekara tara ke nan. Shi ne mai gaskiya, kuma shi kaɗai ya ji tausayina a aikace. Ina jin kunyar ya ganni a haka, amma in zai zo, ya zo da wuri.

Na huɗu, kuma dominsa na tara ku. Sirajo, kana ofis a Birnin Kebbi, amma sau uku a yini kake bugo waya ka tambayi inda ruwa ya kai. Da farko daɗi na ji, na ce na haifi magaji. Sai ran da ka zo duba ni na ga kana matsa ƙeyarka da hannu yadda nake yi. Matarka Mubina ta faɗa mini an auna ka an ce hawan jini, maganin kuma yana ƙarƙashin kujerar babur ba a ɓare ba. Kada ka ga laifinta, ni na matsa mata. Shekararka talatin da takwas, Sirajo.

Tun kafin ciwon nan ya kayar da ni, likita ya faɗa mini irin abin da aka faɗa maka: in sha magani, in rage gishiri, in sami barci, in riƙa faɗa wa wani abin da ke cina. Na yi masa dariya, na ce a ofis aka ƙirƙiro hutu. To, ga hutun na samu, sai an juya ni.

Ka saurari gargaɗin ambaliya a rediyo sau ɗaya, a ɗaga abin da za a iya ɗagawa, sauran ka bar wa Mai ruwan. Bayan la'asar ka ajiye waya ka zauna da 'ya'yanka. Ka sha maganinka a gaban Mubina.

Gaskiya ba na sa ran za ka ji. Ni ma ban ji ba, kuma na san jinin da na zuba maka. Wannan tsoron ya fi mini ciwon nauyi. Yau da safe, da wannan karkataccen bakin, abin da na fara tambayar Zakiyya shi ne tsagar da ruwa ya kai. Ta so ta tsallake wannan, na ce ta rubuta.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku kwanciyar ran da ban nema ba. Ku riƙe juna, ku riƙe Tamba, ku sa ido kan Sirajo ko zai yi fushi da ku shekara tara. Abdussamadu, kada ka jira mutuwata, yau za ka ƙona ta. In na tambaya gobe, ko na roƙa, kada wanda ya faɗa mini inda ruwa ya kai.