Abin da Ban Faɗa wa Likita Ba

Ard al-Liwa, Alƙahira
Maris, 2013

Zuwa ga matata Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya nauyi? Ina fata kumburin ƙafar ya sauka. Allah Ya raba lafiya.

Hajiya ta iso lafiya. Na kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa a Dokki, ya ce ciwon daji ne ya ci ƙashin ƙoƙon kanta, yana kuma danne ƙwaƙwalwa, sai an yi aiki da wuri. Kada ki tada hankalinki, mutumin ya san hannunsa.

Da kin ga yadda nake yi musu tafinta da kin yi dariya. Hajiya na kallon bango, ni ina kallon takalmina, likita na kallonmu. Har ya tambaye ni ko faɗa muka yi, na ce masa a garinmu haka ake zama da suruka.

Abu ɗaya ne na tsallake. Ya tambaya ko akwai wani wurin da ke damunta, ta yi ƙasa da murya ta ce akwai ƙullutu a inda ta shayar da ku. Ke ma ki duba, da wane baki zan ambaci wannan wuri na mahaifiyarki a gaban namiji, tana zaune? Na ce masa tamam, ba komai, kan ne kawai. Ai shi ya kawo mu. In an gama sai in nemo mace ta ji sauran.

Naki,
Munir

Afrilu, 2013

Juwairiyya,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta gida. Alhamdu lillahi, an yi aikin, Hajiya ta farka.

Da safe suka ba ta wani magani ta sha, suka rufe labule, suka ce kada hasken rana ya taɓa ta sai washegari. Wai ciwon ne yake zuƙe maganin. In likita ya buɗe kai ya haska shuɗiyar fitila, duk inda ciwon ya ɓuya sai ya yi ja kamar garwashi, lafiyayyen wuri kuma ya zauna duhu. Ya nuna mini hoton. Na ga inda ido zai rantse ƙalau yake, ashe ciwon ya kai can. Ya bi jan nan ya kankare, ya toshe gurbin ƙashin.

Sai dai ya ce irin wannan ciwo ba a kai yake farawa ba, daga wani wuri yake tasowa. Ya sake tambayata ko ba ta taɓa kukan wani wurin ba. Na ce zan tambaye ta. Na fito ina jin kamar in nutse, har yau kuma ban nemo macen ba.

Ki yi mana addu'a.

Munir

Mayu, 2013

Juwairiyya,

Ina fata kina lafiya, ke da abin da ke cikinki. Ki zauna kafin ki karanta.

Sakamakon gwajin abin da aka cire ya fito, ya nuna inda ciwon ya taso, wurin nan ne da Hajiya ta faɗa tun ranar farko. Likita bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi da an sani tun Maris da tuni an fara magani, kuma a wannan ciwo ba a wasa da wata guda. Ni da nake taƙama da Larabcin Azhar, ni na ci mata wata biyu, ina kiran abin ladabi. Kunya nake ji irin wadda ban taɓa ji ba.

Na je na durƙusa na faɗa mata. Ta ce ta sani, don ta ji maganarta doguwa, tawa gajera, kuma a ranar har daɗi ta ji da na rufa mata asiri. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na ce zan kawo Mahasin, maƙwabciyarmu Bahaushiyar Sudan, ta riƙa yi mata tafinta. Ta ƙi. Ta ce ba ta da ɗa a Masar sai ni, kuma kunyar da muka yi ta isa haka.

Jiya muka koma. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi bayani dalla-dalla, ni kuma na maimaita komai ban rage kalma ba, gumi har cikin takalmi. Za a fara ba ta magani ranar Asabar. Na tambayi likita ko mun makara, ya ce Allah ne masani, amma zai yi iya ƙoƙarinsa.

Ya kuma ce ciwon kan bi jini, 'ya'yanta mata su kula. A mota Hajiya ta ce ni zan gaya miki, kuma kada in kewaya. To, ga shi ban kewaya ba: in kin je awo, ki ce a duba miki nono. Ki faɗa da bakinki, kada ki aiki kowa.

Ki yafe mini.

Mijinki,
Munir