Mun Ɓoye wa Baba Cewa an Sayar da Gidan

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. A kantin maganin da nake aiki nake rubuto miki, kuma tun safe sai miƙa wa mutane abin da ba su tambaya ba nake yi.

Gidan hayar da aka haife ni a ciki an sayar da shi. Mai gidan ya rasu, magada suka ga unguwa ta yi tsada, za a rushe a gina bene irin waɗanda suka kewaye mu, masu gilashi da maigadi. An ce mu tashi kafin ƙarshen wata mai zuwa. Ban ga laifinsu sosai ba, dama kayan aro ba ya rufe katara. Ni damuwata Baba.

Baba mai gyaran agogo ne a da, aikin ma muke zargi da cinye masa ido. Yanzu ba ya gani ko kaɗan. Amma in kin gan shi a gidan nan ba za ki yarda ba. Zai fito daga ɗakinsa, ya dafa bango da hannun hagu, ya bi shi har zaure, ya tsallake kwatar ƙofar gida ba sanda, ya zauna a bencin abokinsa mai aski su yi ta musu kan labaran rediyo. In an kira salla shi kaɗai yake tafiya masallaci. Duk wanda ya yi karambanin kama masa hannu sai ya sha faɗa. Har bangon ya yi baƙin layi daidai inda tafinsa ke bi.

Ba mu gaya masa ba. Yana da hawan jini, likita ya ce a guji tayar masa da hankali, shi ne yayana ya hana. Daga nan muka shiga ƙarya, ƙaryar kuma ta yi ta haihuwa. Mai ɗinkin da ke ɗakin kusa da mu ta kwashe kayanta, muka ce ta tafi jinyar 'yarta. Wani direba da ke haya a gidan ya tashi da iyalinsa, muka ce sun je ganin gida. Har mai askin muka roƙa ya kama bakinsa, alhali shi ma shagonsa na cikin abin da za a rushe.

Yayan nawa kafinta ne, kuma ya zo da wata dabara da ta hana ni sukuni. Ya samo mana ɗaki biyu can ƙarshen gari inda mota ke juyawa, don nan ne ƙarfinmu ya kai. Ya auna ɗakin Baba, ya tafi can yana ta aiki: gado a gefen da ya saba, ƙusar rataye hula daidai tsayin tsohuwar, har ƙofar ya cire ya juya ta ta koma buɗewa ta hagu. Wai za mu ce wa Baba gyara za a yi wa gida, zaman wucin gadi ne, in ya saba shi ke nan.

Ni dai abin bai kwanta mini ba. Ɗaki an kwaikwaya, to waje fa? Can titin mota ne a ƙofar gida, kuma ba wanda ya san shi. Ga shi kwanan nan ya rage magana. Jiya na tarar da shi tsaye a tsakar gida ya karkata kai, ya ce gidan yana amo kamar tulun da ba ruwa. Na ce masa iska ce, na shige ɗaki na yi ta kuka. In na faɗa masa wani abu ya same shi, yayana ba zai yafe mini ba, ni ma ba zan yafe wa kaina ba. In kuma na yi shiru, wallahi ji nake kamar sace shi za mu yi. Na rasa tudun dafawa.

'Yar mai agogo

'Yata, na ji kukanki. Ki fara da yi wa yayanki adalci. Ɗan da ya cire ƙofa ya juya ta saboda mahaifinsa ɗan albarka ne, tsoro ne ya kama shi, tsoron kuma yana da hujja. Sai dai dabararsa gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ranar da Baba ya gane, kuma zai gane, zai daina yarda da bakinku, alhali yanzu bakinku ne idonsa.

Ni dai ina jin ma ya riga ya sani. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kasa kunne ga bugun agogo, har kuna zaton za a fitar da keken ɗinki da gadaje ta zaure bai ji ba? Wataƙila lallaɓa ku yake yi kamar yadda kuke lallaɓa shi. Zaman zullumi shi kaɗai ba sauƙi ba ne ga mai hawan jini.

Ki samu yayanki ku biyu, kada ki tsallake shi. Ku koma wajen likita ya nuna muku yadda za a faɗa masa cikin hikima. Ku zaɓi safiya, bayan ya karya ya sha magani, mai askin nan yana zaune a gefensa. Ku sa wani dattijo ya roƙa muku magada ƙarin lokaci, ku kuma tambayi lauya haƙƙinku, tambaya ba rigima ba ce. Sannan ku kai shi sabon wurin tun kafin a kwashe kaya, ya gaisa da maƙwabta, a riƙa raka shi masallaci har ƙafarsa ta riƙe hanya. In ya ce wurin bai yi masa ba, ku saurare shi.

Gidan ya riga ya tafi, ba ku da iko a kansa. Abin da ya rage a hannunku shi ne dattijon nan ya fita da ƙafarsa, ya bi mutanen da suka yi shekara da shekaru tare, ya yi musu sallama, su yafi juna. In kuka ɗauke shi kamar kaya, wannan ba zai ƙara samuwa ba. Kada ku hana shi.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya yi muku albarka, Ya sa sabon wuri ya karɓe ku.