Sarki Mai Hanci Biyu

Cheetham Hill, Manchester
4 ga Maris, 2012

Aminina Davou,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Ina gwiwar taka, ina kuma uwargida Clara?

Na yi kwana uku ina juya yadda zan fara wannan takarda. Ka tuna kwabon tagullar nan na daular Bizantiya da ka ba ni aro, wanda hannun maƙeri ya zame ya buga shi sau biyu, sarki ya fito da hanci biyu. Na roƙe ka shi ne don baje kolin da muke shiryawa a laburaren unguwarmu, ko council, wato hukumar gari, ta ga mutane ta fasa rufe laburaren.

Ranar Alhamis na bar shi a kan tebur. Maiɗakina Murja ta gan shi kore shar, ta ce bai kamata kayan amana ya fita bainar jama'a da datti ba. Ta jiƙa tsamiya, ta haɗa da toka, ta dirje shi kamar yadda mahaifiyarta take wanke tasoshi. Koren da ya shekara dubu yana kwanciya ya tafi kafin azahar.

Laifina ne. Shekara talatin ina tara tsofaffin kwabbai irin wannan, ban taɓa zaunar da ita na bayyana mata darajar wannan koren ba. Na san kwabon nan ne ka fi ƙauna cikin tarinka. Asarar kwabon ta dame ni, amma abin da na fi tsoro shi ne ka daina yarda da ni.

Naka cikin jin kunya,
Rabe

12 ga Maris, 2012

Aminina Davou,

Bayan gaisuwa, takardarka ta iso daga Small Heath. Na karanta ta a tsaye, ban ko cire hula ba.

Ashe kai ma Clara ta taɓa wanke maka guda biyar da lemon tsami, ka ɓoye mini shekara goma sha biyu! Na yi dariya har Murja ta leƙo, ita da ta yi mako ba ta iya haɗa ido da ni.

Na bi shawararka, na baje shi yadda yake, da bayanin abin da ya same shi. Nan mutane suka fi taruwa, dattijai mata suna ta ba Murja gaskiya. Council ba ta yanke hukunci ba tukuna, amma mutum ɗari biyu sun sa hannu a takardar roƙon kada a rufe laburaren.

Ka ce za ka zo Asabar da wani kwabon, ka sake bar mini. Na gode, Davou. Murja ta ce wannan karon ita za ta karɓa daga hannunka, ka koya mata yadda ake riƙe shi.

Naka har kullum,
Rabe