Tudun da Ban Hau Ba

Sungai Penuh, 4 ga Maris

Zuwa ga ɗana Zulfahmi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Rosmaini da yara. Mu nan ƙalau, sai ciwon gwiwa.

Na ga hotonka a jarida, kai da abokan aikinka kun ɗauko damisar nan da kuka ciro daga tarkon waya. Na kai jaridar shagon kofi, na sa aka karanta da ƙarfi har sau biyu. Shekara ashirin da shida na yi ina gadin dajin nan, ban taɓa ceto damisa da ranta ba, sai dai in tarar da ƙashi. Na ce musu ɗan ƙanwata ne, ni na koya masa gane sawu. Yaya jikin nata?

Kawunka,
Bakhtiar

Tapan, 15 ga Maris

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Na daɗe ina juya takardarka, na rasa ta inda zan fara.

An yanke mata ƙafar gaba. Ba za ta koma daji ba.

Kwana tara kafin a same ta, mun yi sintiri a wajen. Shugabanmu Pak Darwis, wato Malam Darwis, ya raba mu, ni ya ba Tudun Sako. Ruwa ake yi kwana uku, matsattsaku sun cika mini ƙafa, shinkafarmu ta kusa ƙarewa. Na zauna a gindin tudun na sha taba biyu, na dawo. Ya tambaye ni, na ce, "Babu komai, Pak." Da hannuna na rubuta an duba, ba tarko.

A kan tudun nan aka same ta. Likitan dabbobi ya ce tsatsar wayar ta nuna ta fi wata guda a kafe. Ya kuma ce da ruwan nono a jikinta. Kwana huɗu muna neman 'ya'yan, ba mu gan su ba.

Ba wanda ya sani, ko Rosmaini. Duk wanda ya yi mini barka, sai in ji kamar in nitse.

Ka yafe mini. A gaida Inna.

Zulfahmi

Sungai Penuh, 23 ga Maris

Zulfahmi,

Bayan gaisuwa. Tun da na karanta takardarka ban leƙa shagon kofi ba. Jiya liman ya tare ni yana yabonka, na sunkuyar da kai na wuce.

Ba ni za ka roƙa ba. Ka je ka faɗa wa Darwis da bakinka, ko da aikin zai tafi. Sannan ka hau tudun. Masu tarkon wajen na san halinsu, jerawa suke yi. Ku duba gangaren bayan, ta wajen rafi, inda aladun daji ke sauka shan ruwa. Uwa mai shayarwa ba ta yin nisa da ruwa.

Allah ya shirye mu.

Bakhtiar

Tapan, 2 ga Afrilu

Kawu,

Salam. Na faɗa masa. Sai ya ce in ɗauko takalmina.

Waya goma sha ɗaya muka kwance a gangaren. A bakin rafin kuma mun ga ƙaramin sawu a laka, na ɗa guda. Pak Darwis ya ce bai fi kwana biyu ba.

Zancen aikina sai mun sauko. Gobe da safe za mu koma.

Ɗanka,
Zulfahmi