Ledar da Ƙasa Ta Ƙi Ci

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna?

Jiya na je gonar Baba, karo na farko tun rasuwarsa. Auta, cikin dashen lemo sittin, sha ɗaya sun bushe a tsaye. Na tona ɗaya. Ledar da aka raine shi a ciki tana nan garau, saiwar ta dunƙule kamar hannun mai jin ciwo.

Kin san ni na kawo masa ledojin daga masana'antarmu. Na cika baki cewa da sitaci muke haɗa robar, na ce ya binne dashe da ledarsa, ƙasa za ta cinye ta. Shekara arba'in yana yage leda kafin ya dasa, amma ranar ya naɗe wuƙarsa ya sa aljihu, wai tunda aikin ɗansa ne.

Kada Inna ta ji tukuna.

Yayanki,
Dogo

Auta,

Ina gaishe ki, Allah ya sa zazzaɓin ƙaramar ya sauka.

Kin ce ƙila ƙwari ne. Wane irin ƙwari! Ni ne. Ƙa'ida, sai an dafa sitacin ya yi danƙo, sannan a haɗa shi da narkakkiyar roba, injin yana juyawa a hankali. Ta haka danshin ƙasa ke samun hanyar shiga. Ranar da na yi wannan haɗin, ledar ta yi ta tsinkewa, kin san ni da zuciya, sai na antaya garin sitacin a bushe, na ƙara wuta. Roba ta lulluɓe kowace ƙwaya. Ledar ta fito sumul, har manaja ya yaba mini. Ita na zaɓar wa Baba, don ta fi kyau.

Yanzu duk sanda na kashe injin, ɗakin ya yi tsit, sai in ji ƙas! a bayana, ƙarar naɗe wuƙar nan. In juya, ba kowa sai buhuna. Wallahi tsoro nake ji, kunya kuma ta fi tsoron yawa.

Saura arba'in da tara, kuma da ransu. Na ɗauki hutu, ina tafe ranar Asabar. Ki karɓo mini wuƙar Baba a wajen Inna. In ta tambaya, ki faɗa mata gaskiya: zan bi su ɗaya bayan ɗaya, in yage abin da na hana shi yagewa.

Ki gaida kowa.

Yayanki,
Dogo