Ranar da Doña Herminia Ta Dangwala Yatsa

Zuwa ga ƙanwata Casilda,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Rufino da yara, ya kuma sassauta miki ciwon gwiwar da sanyin Chicago ke tayar miki. Mu nan lafiya lau. Masara ta yi kyau bana, Chabela matar ɗana kuma ta sauka lafiya, an samu namiji. Ki duba rubutun nan da kyau, hannuna ne, ba wanda ya riƙe mini alƙalami.

Albishirinki! Jikata Nayeli ta samu aiki a ofishin ajiyar takardu na ƙaramar hukuma, kuma a kan kujerar Doña Herminia take zaune. Kin tuna Herminia, wadda ta yi ta juya ni lokacin da na je neman shaidar cewa na biya kuɗin kabarin matata Remedios. Yau ta ce kuɗin bincike, gobe kuɗin kwafi, jibi inji ya lalace. Da na ce ban iya sa hannu ba, ta ɗaga murya ta ce a miƙo wa jakin nan tawada ya dangwala kofatonsa, duk layi aka kwashe da dariya. Kafin takardar ta fito an tone Remedios wai ba a biya kuɗin kabarinta ba, an haɗa ƙasusuwanta da na marasa kowa a rami ɗaya.

To, a ajinmu na yaƙi da jahilci na yamma Malama Ofelia ta ba mu aikin gwaji, kowa ya rubuta wa hukuma buƙatar ganin wata takarda. Ta ce doka ta ba kowa dama, dole a amsa cikin 'yan kwanaki, kuma gani kyauta ne, kwafi kaɗai ake biya. Ni kuwa ban tsaya a gwaji ba. Na haɗa kai da Tiburcio mai aski da sauran tsofaffin ajin, kullum sai mun kai sababbin buƙatu ofishin Herminia. Fitilu nawa ne a titunan gari, karnuka nawa aka yi wa allura, wa ya ci naman bikin waliyyin garinmu. Herminia ita kaɗai ce a ofishin, don an ɗauke mata mataimaki tuntuni. Ta roƙi shugaban ƙaramar hukuma ya ƙaro mata mutum, ya ce babu hali. Har gida ta biyo ni da burodi a hannu, tana girmama ni da kiran Don Eleuterio, wai in tausaya mata, saura kaɗan ta yi ritaya. Na karɓi burodin, na ce mata jaki ne kawai ke koyon rubutu. Da wa'adi ya yi ta wucewa muka kai ƙara babban birni, shugaba ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, ya sallame ta. Ba ta yi wata ba shanyewar ɓarin jiki ta kama ta.

Makon jiya Herminia ta zo ofishin da sanda, tana neman shaidar shekarun aikinta, don sai da ita za a ba ta fansho. Aka sanar da ni, na sa fararen kayana na zuwa coci na je na zauna a benci. Nayeli ta so ta shigar da ita gaba, na ce a'a 'yar nan, layi layi ne, haka Doña ta koya mana. Ta tsaya har rana ta take, ta biya kuɗin bincike. Da aka zo sa hannu, hannun dama ya ƙi ɗaguwa, alƙalami ya faɗi ƙasa. Casilda, ni na tashi da kaina na tura mata tawada. Tiburcio ya ce ta danna da kyau kada kofato ya goce. Ba wanda ya yi dariya sai mu biyu, amma ta ishe ni. Buƙatarta tana can ƙasan tarin namu, kuma namu masu wa'adi ake fara amsawa. Nayeli ta yi kuka, ta daina cin abinci a gidana, wai an kusa rufe karɓar takardun fansho na bana. Yarinya ce, ba ta ga ramin da aka zuba kakarta ba. Jiya ma na kai sababbi.

Ki gaishe da Rufino da Lupita da ƙaramin Beto. Chabela da Tiburcio suna gaishe ki. Ranar Lahadi ki kunna wa Remedios kyandir, ki faɗa mata.

Yayanki da ya sa hannu da kansa,
Eleuterio