Shafin Ƙarshe na Baba Ishaya

Daren Talata, Sabon Gari.

Yau na warware shafin ƙarshe da Baba Ishaya ya jera kafin ya rasu. Tun da muka buɗe 'yar maɗaba'ar nan ni da shi, haruffan dalmarmu ba sa isar shafi biyu, sai an warware na jiya ake jera na yau. Na yi ta ja da baya, har matarsa ta zo daga Samaru ta iske ni zaune. Ta ce, "Malam, ɗaliban yaƙi da jahilci littafi suke jira. Warware."

Na mai da kowane harafi gurbinsa. Tawadar shafin ta kama min yatsu. Kananzir ke fitar da ita, ga kwalbar kusa da fitila, amma ban taɓa ba.